Ranar da na tona ciwon Babana a gaban 'yan gayya

Lokacin ina budurwa, na gama sakandare ke nan, a shekarun da naira ta maye gurbin fam. A gidanmu na Gwaram ni kaɗai na yi boko, kuma ba ni da haƙuri ko kaɗan. Abin da ya zo bakina shi nake faɗa.

Da na dawo gida na lura in Baba zai tashi, ko ya yi tari, sai ya dafe matsematsinsa ta cikin riga. Na tambayi Inna, ta ce in kama bakina, wannan ba tambayar 'ya ba ce. Ban kama ba. Na tuna darasin aji, na yanke cewa gwaiwa ce, kuma ɗaukar kaya ne kaɗai ke kawo ta. Laifin na ɗora wa yayana, wanda suke noma tare.

Ranar gayyar gyaɗa na kai fura gona, na tarar Baba yana taya ɗaga buhu. A gaban mutane, har da surukan yayana, na ce ragwancin yayan nawa ne ya sa wa tsoho gwaiwa. Da babbar murya na kira sunan ciwon. Wani dattijo ya tambaya ko karatun da aka tura ni in yo ke nan. Baba ya saki buhun ya nufi gida.

Daga ranar Baba ya daina zaman ƙofar gida. Sai da kumburin gwaiwar ya ƙi komawa, amai ya kama shi, aka ɗauke shi zuwa asibitin Birnin Kudu aka yi masa aiki. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, don haka ni ce tafinta. Ya ce akwai tantanin da ke riƙe hanji a ƙasan ciki, wasu da rauninsa ake haifar su, yana bin jini, tsufa ya ƙara sake shi, kaya ko tari sau da yawa abin da dama yake nan suke fito da shi. Ya tambaya ko akwai mai irinsa a dangi. Yayana, kansa a ƙasa, ya ce kakanmu ya yi, shi ma shekara biyu ke nan yana fama, ya ɓoye ne don kada aikin ya koma kan Baba. Da bakina na mayar da wannan Turanci.

Baba ya warke, ya kuma yafe mini. Yayana kuwa girman kai ya hana ni roƙonsa, kullum sai in ce gobe. Har ya rasu gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

'Yan'uwana mata masu ɗan karatu, rabin darasi na sani, da shi na ci mutuncin mutum biyu. In kun ga ciwo a jikin babba, ku bi ta hannun wanda zai iya yi masa magana a keɓe, a kai shi asibiti. In kuma kun riga kun yi irin tawa, ku tashi yau ku nemi gafara tun yana da rai.