Ranar da Ƙararrawa Ta Yi Ƙarya

Ranar Talata ce, ana tsakiyar kakar citta. Ƙarfe shida na safe aka buga ƙararrawar coci kamar kullum. Mama tana dama kunu. Baba yana baza citta a kan tabarma a ƙofar gida, yana korar akuyar maƙwabcinmu Malam Dauda. Akuyar nan ce kaɗai rigimar da ke tsakanin gidajenmu. Mu Katolika ne, su Furotesta, rijiya ɗaya muke ɗiba.

Garinmu ƙarami ne, amma yana da sarkinsa da masu sarautarsa. Da tsohon sarki ya rasu, Madaki da Galadima suka tsaya wa surukin Madaki, ɗan cocinmu. Aka naɗa wani, ɗan Furotesta. Shi ma sabon sarkin ba waliyyi ba ne. Bai shekara ba ya ƙwace kasuwar citta daga hannun Madaki, ya ƙwace rabon filayen bakin titi daga hannun Galadima, ya miƙa wa danginsa.

To, a nan ne addini ya kama su Madaki. Mutanen da ba ma ganinsu a coci sai ranar godiyar girbi, in za a kira sunansu a lasifika, sai ga su a layin gaba kowace Lahadi, da carbi har cibiya. Suka riƙa bin gida-gida, wai sarki zai ƙwace filin makarantar coci. Baba ya saurare su, ya ba su ruwa, ya koma kan cittarsa. Haka yawancin mutane suka yi. Su Madaki suna da motoci da yaran haya, amma ba su da jama'a.

Sai suka tuna da ƙararrawa.

A garinmu, in an buga ƙararrawar cocinmu a hankali da tazara, mutuwa aka yi. In an buga ta ba ƙaƙƙautawa, gobara ce. Bugun gobara ba na Katolika ba ne, na gari ne, don ita kaɗai ake ji har bayan rafi. Duk namijin da ya ji zai yar da abin da ke hannunsa ya suri bokiti, ko Furotesta ne, ko Musulmin kasuwa. Ba a tambayar gidan wa. A haka na tashi na gani.

A ranar Talatar nan, ƙarfe goma saura kwata ƙararrawa ta fara. Ba ƙaƙƙautawa. Baba ya juye ruwan wankin Mama a ƙasa ya fita da bokitin. Malam Dauda ya riga shi, yana bakin rijiya yana cika nasa. Na ga bayansu su biyu suna gudu. Na duba sama ban ga hayaƙi ba.

Goma da 'yan mintoci muka ji harbi. Ɗaya, biyu, sannan kamar ana suyar gugguru.

Baba ya dawo ba bokiti, rigarsa duk jini, ba nasa ba. A tsaye ya ba mu labari. Sun isa filin coci ba wuta. Limaminmu yana ƙauye, yaran Madaki ne a kan igiya. Wani yana ihu a lasifika: "Gidan sarki! Ku yi gidan sarki!" Mutane suka kwasa, a zatonsu can wutar take. Yaran haya suka saje a bayansu da adduna da bindigogin toka da jarkokin fetur. 'Yan sandan da ke gadin gidan sarki suka ga gari guda ya nufo su a guje, ba su tsaya duba abin da ke hannun kowa ba. Malam Dauda yana sahun gaba. Masu gadin sarkin da suke coci ɗaya da shi suka harbe shi yana riƙe da bokiti cike da ruwa.

Manyan mayaƙan addini kuwa suna gidan mai, cikin mota, suna kallo daga nesa. Harbin farko suka juya. Sha ɗaya daidai suka wuce ta ƙofar gidanmu zuwa babban titi. Na ga Madaki da idona a kujerar baya, ya cire hula, ya sunkuya kamar mai neman allura. Tawayen nasu duka, da wake aka ɗora bai isa ya dahu ba.

Gari ya yi tsit. Ba a buga ƙararrawar sha biyu ba. Daga gidan Malam Dauda kawai ake jin kuka.

Ƙarfe uku yaran sarki suka shigo unguwarmu. Ba su je gidan Madaki ba, don yana da katanga da ƙofar ƙarfe. Rufin ciyawa suka nema. "Ku fito! Ku fito, munafukai!" Suka cinna wa rumbuna, iska ta yi musu sauran aikin. Da suka ga wuta ta kankama sai suka ja gefe.

Baba ya tura mu ta ƙofar baya. "Ku bi rafi! Kada ku tsaya!" Shi ya juya ya nufi coci. Mama ta riƙe masa riga. Ya ce, "Za su zo. Ba a taɓa bugawa ba su zo ba." Ya fizge ya tafi.

Muka ratsa gonakin da aka tone, ƙafa tana nutsewa. Cittar unguwa guda tana ƙonewa, hayaƙinta mai yaji ya cika mana ido da maƙogwaro. Uku da kwata ƙararrawa ta fara. Na san hannun Baba ne. Mama tana gudu tana waiwayen hanyar da ta fito daga kasuwa da unguwar Furotesta. Daga gonakin ana hango hanyar sarai. Ko mutum ɗaya babu a kanta.

Muka kwanta a kwarin rafi tare da sauran mata. Tana ta bugawa. Ina roƙon Allah ya gaji ya biyo mu, ina kuma roƙo kada ta tsaya, don muddin tana bugawa yana da rai. Bugun ya fara ja. Huɗu saura kaɗan ta tsaya a tsakiyar bugu. Mama ta zauna a cikin ruwa.

Muka bi rafi har babban titi. Da yamma wata motar itace ta kwashe mu zuwa birni, gidan ƙanwar Mama.

Sai da sojoji suka shiga garin muka koma. An tsinci Baba a gindin ƙarafan ƙararrawa, da harsashi a bayansa. Igiya ta saɓule masa fatar tafin hannu. Matar Malam Dauda ta zo gaisuwa, ta zauna kusa da Mama. Ta ce, "Mun ji shi. 'Ya'yana sun ɗauki bokiti, ni na kulle ƙofa. Na riga na ba ƙararrawar nan mutum ɗaya da safe." Mama ta riƙe hannunta.

Daga baya aka yi zaman sulhu. Sarki da Madaki suka rungumi juna a gaban masu hoto. Kasuwar citta ta koma hannun Madaki, filin makaranta yana nan inda yake, dama ba wanda ya taɓa shi.

Yanzu ina karatu a Kuala Lumpur. Ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Cheras da Hafsat, wata Bakanuwa mai karantar tarihi. Wata rana muna cin abincin da muka sayo a kedai, wato shago, take ba ni labarin wasu manyan Arewacin Ingila 'yan Katolika da suka yi wa sarauniyarsu 'yar Furotesta tawaye, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, bayan an ƙwace musu muƙamai. Ta ce, "Manyan suka tsallake iyaka, talakawan aka rataye." Na ce mata na san labarin, na ma san motar da suka gudu a ciki.

Kwanan baya, muna tare da Hafsat, na ga Madaki a nan birnin, a unguwar Bukit Bintang, a wani gidan abincin Larabawa. Ya zo bikin gama karatun ɗansa. Ya yi ƙiba, ba carbi. Ya ji muna Hausa ya yafito mu. "'Yata, 'yar gidan wa?" Na faɗa masa. Ya juya ƙashin ragon da ke hannunsa. Ya ce, "Allah sarki. Mahaifinki ya mutu don coci." Na ce, "Gobara ya je kashewa, ranka ya daɗe." Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi a lokacin ba. Ya ce a ƙaro mana shayi. Muka fita.

Gidanmu ya tafi, da cittar shekara guda. Malam Dauda ya tafi da safe, Baba da yamma. Ƙararrawar tana nan, an sa mata sabuwar igiya. Mama ta ce bara wuta ta kama rumbun wata tsohuwa a bayan kasuwa, aka buga ƙararrawar ba ƙaƙƙautawa. Mutane suka leƙa ta taga.