Kawu Sale Ba Ya Kallon Ƙarshen Fim

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyo a rumfar gidan Kawu Sale ya san wurin zamansa: dab da talabijin, a kan buhun taki, yatsa a kan makunni. Ba ciwon ido ke damunsa ba, gadi yake yi. Da ya hango fim zai ƙare da mutuwar mutumin kirki, ko azzalumi zai sha, sai ka ji ƙit, allo ya yi baƙi.

"An tashi," in ji shi. "Sauran ni zan faɗa muku."

Ƙanin mahaifiyata ne. A gidansa na zauna lokacin da nake sakandare a Kura, kuma babu wanda halin nan ya ci wa rai kamata. Ba ni da haƙuri, kun sani, shi ya sa yake ce mini Dije Wuta.

Akwai wani fim da ya tayar da hankalin unguwarmu, na wani manomi da attajiri ya ƙwace masa gona. Kashi na ɗaya ya tsaya a ƙofar kotu. Muka yi ta jiran na biyu har aka kawo kaset ɗin daga Kano wata Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci matan maƙwabta suka cika rumfa, aka tada janareta. Ana nan, alƙali ya gyara tabarau, ya buɗe baki zai yanke hukunci. Ƙit.

Na ce, "Haba Kawu, saura ƙiris fa!"

"Na ga idon alƙalin nan. An ba shi wani abu."

"To mu gani mana."

"Ki ga me? Baƙin ciki? Na gona bai ishe ki ba?"

Ya gyara zama ya ba mu nasa ƙarshen. Wai uwar alƙalin ta shigo kotu da sanda, ta kama kunnen ɗanta, aka mayar wa manomi gonarsa, shi kuwa attajiri yana fitowa ƙudan zuma suka tare shi. Inna Larai, matarsa, ta ce, "Malam, ai babu uwar alƙali a fim ɗin."

"Larai, akwai alƙalin da ba shi da uwa ne?"

Ya zare kaset ɗin ya kulle a akwatinsa. Da na so, da na ji ƙarshen a bakin ƙawayena, amma haushi ya sa na toshe kunne. Na rantse da idona zan gani.

Bayan nan sai ga 'yan fim sun zo ɗaukar waƙa a bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, jikin gonarsa. Na kai masa abincin rana ke nan, wani mai tumbi ya rabo daga cikinsu ya yi sallama.

"Sannu da aiki, Baba. Ko za a samu ruwan sha?"

Kawu ya ƙare masa kallo. "Kai ne."

"Ni ne wa, Baba?"

"Mai ƙwace gonar mutane."

Mutumin ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Baba, ai wasa ne. Ni ko akuya ban mallaka ba."

"Wasa? Hararar nan da kake yi wa talaka, a ina ka koye ta?"

Ruwa dai ya ba shi. Amma har suka gama rawarsu yana tsaye a kan iyakar gona da fartanya a hannu. Da suka tafi ya zagaya ya duba duwatsun iyaka ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Kawu, a aljihu zai saka gonar?" Ya ce, "Ke ba ki ga na ɗaya ba ne?"

Gonar nan ita ce ransa, kuma ita ce ta ƙarshe a layin ruwa. Ciyawa da laka sun toshe kanal, kafin ruwa ya iso wajensa na sama sun shanye. Da lokacin zaɓe ya zo, wani mai neman ciyaman ya tsaya a bakin kanal, ya tattare farar babbar riga, ya shiga laka har gwiwa, ya yi alkawarin yashewa. Kawu ya dawo gida kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Wannan jarumi ne. Mugu ba ya shiga laka da farin kaya."

Mutumin ya ci zaɓe. Rani ya zo ya wuce, wani ya zo, tumatir yana yaushi tun yana fure. Ni ban iya ɓoye magana ba. Na ce, "Kawu, an yaudare ku. Ka sayar da gonar nan ka nemi ta sama."

"Dije Wuta, wannan na ɗaya ne. Gyaran kanal a na biyu yake."

Aka sake zaɓe, ya sake jefa masa ƙuri'a, ya kuma ja Inna Larai. Ranar da rediyo ta fara karanta ayyukan da ciyaman ya ce ya kammala, aka zo kan yashe kanal ɗinmu, sai na ji ƙit.

"An tashi," in ji shi. Amma ran nan bai faɗi sauran ba. Jarka biyu ya ɗauka ya nufi gona.

Jigilar ruwan nan a kafaɗa ce ta kwantar da shi. Ƙirji ya riƙe, tari ya ƙi tsayawa. Wata Juma'a ya miƙo mini makullin akwati ya ce in saka kaset ɗin manomi. Yana kwance a tabarma muka kalla, ni da shi da Inna Larai. Alƙali ya gyara tabarau. Na ga hannun Kawu ya ɗago, bai kai ba. Ya dube ni.

Na miƙe na kashe.

"To, faɗa mana sauran," in ji Kawu.

Na kawo uwar alƙali da sandarta, na kawo ƙudan zuma. Sannan na ƙara da cewa manomi yana komawa ya tarar ruwa ya iso gonarsa.

"Ya kai kunyar ƙarshe?"

"Har ya tumbatsa, Kawu."

Ya lumshe ido. "Yanzu kika fara iya kallon fim."

Bai ga wata Juma'ar ba. Kafin ranin ya fita 'ya'yansa suka sayar da gonar, kanal kuwa yana nan a toshe, kuna wucewa kuna gani. Bayan sadakar arba'in na cika rantsuwata, na kalli kaset ɗin har ƙarshe ni kaɗai. Alƙali ya ba attajiri gaskiya, aka gina gidan mai a gonar, manomin ya mutu a gidan haya. Na daɗe a zaune ina jiran wanda zai ce an tashi. Da ban kalla ba, da har yau manomin nan yana gonarsa.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kurakuransa. Ya ba shi gona a inda ƙoramu ke gudana, wadda ruwa ke kaiwa kunyar ƙarshe ba tare da ya jira kowa ba. Amin.