Lita Biyun da Allo Bai Gani Ba

Shekara ashirin da shida Baba Direba yana jan maigida ɗaya, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Da babbar mota ya fara tuƙi, zamanin da ake tsoma sanda a tanki a ga inda mai ya jiƙa, kuma sanda ba ta taɓa ba shi kunya ba. A kan sitiyari ya aurar da 'ya'ya huɗu. Bayansa ya ranƙwafa, idonsa ya fara neman tabarau, amma sunansa na nan garau.

Sai aka sayo sabuwar mota mai ɗan allo da ke faɗin man da ta sha. Allon ya ce lita bakwai a kilomita ɗari. Famfon gidan mai ya ce tara. Wanda ya lura shi ne babban ɗan maigida, da ake kira Injiniya ko da yake ko taya bai taɓa canzawa ba.

"Baba, lita biyun nan ina suke zuwa?"

"Cikinta suke zuwa, ɗana. Allon ne ke rufa mata asiri."

"Na'ura ba ta ƙarya, Baba."

Wannan fa shi ne wanda Baba Direba ya ɗauko daga asibiti cikin zanin goyo. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya yi abin da ya sani. Ya cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ya rubuta lambar kilomita, ya yi mako guda yana lallaɓa totur kamar mai lallashin jariri, sannan ya koma famfon nan ya sake cikawa. Da ya lissafa, tara saura kaɗan. Allon kuwa ya samu abin yabon kai, ya ce shida da rabi. Garin neman gira ya rasa ido.

Ya kai ta wurin makaniki. Makanikin ya ce masa, "Baba, na'urar nan ƙiyasi take yi, ba awo ba."

"To zo ka faɗa musu mana."

"Ni? Cewa za su yi bakinmu ɗaya."

Wata safiya suna tsaye a danja, maigida ya yi gyaran murya daga kujerar baya.

"Direba, na ji maganar man nan. Zamanmu ba na yau ba ne. Kada ka sa wa ranka damuwa, na yafe."

Da zagi ne, da Baba Direba ya san amsa. Da kora ce, da ya ajiye makulli ya tafi da mutuncinsa. Amma me za ka ce wa wanda ya yafe maka abin da ba ka ɗauka ba? Ya buɗe baki, danja ta ba da hannu, na baya suka hau danna hon.

"Na gode, ranka ya daɗe," ya ce, ya saka giya.