Gonar da Raufu Ya Ɓoye

A Funtua aka haifi Raufu, a bayan shagon mahaifiyarsa Abike mai sayar da kwanuka. Bayarabe ne, amma in ya buɗe baki sai ka rantse kakansa ne ya sari garin. Akawu ne a wata ma'aikata, mutum mai tsoron takarda. Ko katin biki aka miƙo masa, sai ya juya bayansa ya duba.

Ranar da ya kama aiki wani tsohon babban akawu ya ja masa kunne: "Ma'aikacin gwamnati ba ya wata sana'a. Aka kama ka, kora ce." Raufu ya haɗiye maganar ɗungurungum. To amma Allah ya jarabce shi da son noma. Da ya samu gona a hanyar Danja, sai ya sa aka rubuta takardar da sunan Maiwada, dattijon da ke maƙwabtaka da ita. Shekara goma sha tara yana nomanta a ɓoye. Fartanya a nannaɗe cikin buhu, tufafin gona a leda, sai ya fita gari yake canzawa a gindin wata ɗorawa. Masarar ma da sunan kyautar Baba Maiwada take shiga gidansa.

Abokan aikinsa ne suka ƙara masa tabbaci. Da damina ta kankama sai ofis ya yi tsit. Wannan ya tafi gaisuwa, wancan ya kai iyali asibiti, su dawo da laka a ƙafar wando. Raufu yakan dube su ya ce a ransa, duk sirrinmu ɗaya. Bai taɓa tambayar kowa ba.

Bana sai abu biyu suka haɗe masa. Sunansa ya fito cikin masu jarrabawar ƙarin girma, Maiwada kuma ya kwanta ciwo, har 'ya'yansa sun fara zagaya gonaki suna nuna iyaka da baki. A takarda, gonar Raufu tana cikin gado. In ya yi shiru ta tafi. In ya fito ya ce tasa ce, gani yake aikin ne zai tafi.

Da wannan a ransa yake zaman bita da Hajiya Hajo, mai buga takardun ofis, wadda ita ma jarrabawar take jira. Bayan azahar suke zama a ƙarƙashin darbejiya da ƙunshin tsofaffin tambayoyi, tana karantowa yana amsawa.

"Yaushe ma'aikaci ke ritaya?"

"Shekara sittin da haihuwa, ko talatin da biyar a aiki, duk wadda ta riga."

"Ka ci. To wace sana'a ce doka ta yarda ma'aikaci ya yi bayan aikinsa?"

"Babu."

"Ka faɗi warwas. Noma."

Raufu ya matso. "Hajiya, sake karantawa."

"Malam Raufu, tsufa ne ya fara da kunne? Kasuwanci a'a, kwangila a'a, noma e. Ga shi nan ɓaro-ɓaro."

"To su Zainulabidin fa?" Ya rage murya, yana nuna tagar ofishin da abokin aikin nasu yake. "Don me suke ɓoyewa?"

"Ɓoye me? Zainulabidin da ya cika mu da labarin waken suyarsa?" Ta ƙyalƙyale da dariya. "Lokacin aiki suke sata, shi suke ɓoyewa. Doka ta ce ka yi noma, ba ta ce ka bar fayil a tebur ranar Talata ka tafi zuba taki ba." Sai ta tsaya ta ƙura masa ido. "Kai, wai me ya sa kake gumi?"

Raufu ya miƙe. Ya shiga ciki ya buɗe kabad, ya zaro littafin dokokin da shi da kansa yake kaɗe wa ƙura duk wata, bai taɓa wuce shafin hutu da alawus ba. Ya lalubo wurin. Ya karanta sau uku, ya juya bayan shafin ko akwai wani "amma". Babu.

Ranar Asabar ya ɗaure fartanya a bayan babur, tsirararta, ya ratsa tsakiyar gari. Ba wanda ya ko ɗaga kai. Wannan ya fi komai ba shi mamaki.

Ya tarar da Maiwada a zaure, an jingina shi da filo.

"Baba, ya jikin? Ashe noma halal ne ga ma'aikaci."

"Da can haramun ne?"

"Ai shi ya sa na sa sunanku a takarda."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ɗan Abike, gwamnati kake ɓoye wa? Ni na ɗauka matarka ce. Irin wannan kuwa ba a tambaya." Ya share ido, ya ƙwala wa babban ɗansa kira. "Awaisu! Je ka kira mai unguwa da liman. Yanzu, tun ina da baki."

Awaisu ya ɗan ɓata fuska, amma ya tafi. A gaban shaidu Maiwada ya ce gonar da Raufu ke nomawa ba tasa ba ce, bai taɓa sa mata fartanya ba. Aka rubuta sabuwar takarda, ya dangwala yatsa. Raufu ya karɓa, ya juya bayanta ya duba.

Ranar Litinin ya ajiye wa Hajiya Hajo ɗanyar masara a kan tebur.

"Baba Maiwada ne kuma? A gaishe shi da jiki."

Raufu ya waiga hagu da dama, don sabo, sannan ya gyara tsayuwa.

"Tawa ce," ya ce. "Karanto tambaya ta gaba."