Hanyar Baba a Bakin Takarda

A gida Auta ake ce mata, ko da yake furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. A ofis kuwa Anti ce, mai tebur kusa da firinta, wadda ba a taɓa mata linzamin kwamfuta sai an shirya shan magana. Aikinta fitar da zanen hanya a takarda. Injiniya zai tsara titi a cikin manhaja, ita kuma ta yanyanka shi shafi-shafi, ta sa ma'auni da kibiyar arewa, ta rubuta sunan kowane abu, yadda ɗan kwangila zai shimfiɗa takarda a kan mota ya gane abin da zai gina. Aiki ne da ba a tuna mai shi sai ranar da aka ga kuskure.

Da allon zane da fensir ta fara. Da kwamfuta ta shigo, tsararrakinta da dama suka yi zuciya suka bar sana'ar, ita kuwa ta zauna tana koyo tana zagin manhajar ƙasa-ƙasa har suka saba da juna. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, don haka bayan rasuwar mahaifiyarta sai ta ɗauko Baba ta ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofa.

Idon Baba ya yi rauni, tafiya ma sai da sanda. Abu ɗaya ya rage masa na jin daɗi: kowace safiya ya tsallaka titi zuwa shagon amininsa mai gyaran rediyo, su zauna a benci su yi ta musu kan abin da babu mai iya tabbatarwa a cikinsu. Ranar da bai je ba, ko abinci sai dai ya tsakura. Ana nan sai aikin faɗaɗa wannan titin, da sabuwar mahaɗa a bakin layinsu, ya faɗo teburin Auta.

"Auta, an ce titin zai ninka faɗi," in ji Baba. "Ni da wannan ƙafar?"

"An sa maka wurin tsallakawa, Baba. Har da ɗan tsibirin siminti a tsakiya, ka tsaya ka huta."

"Da idonki kika gani?"

"Kullum ina kallonsa a kwamfuta."

"Kwamfuta ba ta tsallaka titi."

Don ya bar ta ta sha iska, wata yamma ta taho da shafuka biyu na gwaji ta shimfiɗa a tsakar ɗaki. Baba ba ya ganin siraran layukan, sai ta kama ɗan yatsansa ta ɗora a kan takarda. Ga ƙofar gida, ga layinsu, ga bakin kwalta. Yatsan ya yi ta tafiya har ya zo ƙarshen shafi, ya sauka a kan ledar ɗaki.

"To, ga ni a bakin titi. Ina zan taka?"

"Yana ɗaya shafin," ta ce, ta jawo na biyun. Babu shi a can ma.

Ta jera shafukan biyu baki da baki. Manhajar ce ke yanka titi da kanta gwargwadon tsawon takarda, kuma a bakin kowane shafi tana rufe ɗan wuri ta rubuta cewa zane ya ci gaba a na gaba. Yankan ya faɗo daidai kan wurin tsallakawa, shafin farko ya rufe rabinsa, na biyu ya rufe sauran. A ofis ta duba kowane shafi ne shi kaɗai, kuma da yake ta san abin yana nan, idonta ya cika mata gurbin. Shi kuwa ɗan kwangila, abin da babu a takarda babu shi a duniya. Da an gina haka, da Baba ya gama zuwa shagon rediyo ke nan.

"Kin yi shiru," in ji shi.

"Zan gyara, Baba."

Ya ɗan matse hannunta kafin ya saki. Wannan ya fi faɗa yi mata ciwo.

Washegari ta tarar an sa hannu a shafukan, an naɗe su ana jiran mai ɗauka. Ta warware su a gaban injiniya ta nuna masa. Ya shafa fuska, mutumin kirki ne amma gajiya ta cinye shi.

"Anti, in kika matsar da wannan yankan, duk shafukan da ke bayansa sai sun motsa."

"Na sani. Ni na bar shi a haka, ni zan sake."

"Wa ya gano?"

"Babana."

"Ba kin ce ba ya gani sosai ba?"

"Ai shi ya sa bai yarda da ni ba."

Injiniya ya yi dariya, ya kira ɗan kwangila ya ba shi haƙuri. Ita kuma ta zauna ta sake yanka titin da hannunta, ta sa mahaɗar gaba ɗaya a tsakiyar shafi guda. Tun daga ranar ba ta ƙara barin manhaja ta zaɓa mata inda za a yanka ba, kuma duk wanda ya kawo mata mahaɗa rabi da rabi sai ya koma da abinsa.

Watannin ginin ne suka fi wuya. Aka haƙe titin, aka toshe bakin layi da ramuka da tarin tsakuwa, Baba ya zama ɗan zaman ɗaki. Ya rame. Sun gwada waya shi da mai rediyo, amma musu ba ya daɗi in ba ka ganin yadda abokinka ke taɓe baki. Auta ta riƙa jin tsoro a ranta, kada a gama titin bayan mai tsallakawar ya daina iya tashi.

Safiyar da aka buɗe hanya, ta fito ta same shi ya riga ya sa hula. Ta miƙa hannu za ta riƙe shi, ya ture.

"Ba ke kika ce an yi mini wuri ba? Tafi aikinki."

Ta laɓe a jikin turken fitila tana kallo. Ya taka rabin farko a hankali, sanda na gaba yana biye, ya hau tsibirin ya tsaya. Ya daɗe a tsaye har ta fara cire takalmi za ta ruga. Ashe numfashi yake mayarwa, yana ƙwanƙwasa simintin da sanda kamar mai sayen tukunya. Can ɗaya gefen, mai rediyo ya fito har bakin kwalta, yana ɗaga murya: "Taho, babu mota! Taho mana!"

Baba ya ƙarasa.

"Sai yau?" in ji mai rediyo. "Ni na ɗauka ka mutu ba a gaya mini ba."

"Matsa mini a bencin, sarkin surutu."

Auta ta share ido da gefen mayafi, ta mayar da takalminta. Ta ɗan jira ko zai waiwayo ya neme ta. Bai waiwayo ba, sun riga sun fara musu, kuma rabonta da jin daɗi irin wannan har ta manta.