Mesar Dona Ermelinda

Dona Ermelinda ta tsufa tana sayar da gasasshen kifi a bakin kogi a garin Santarém na ƙasar Brazil. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai wata mesa da ta raina. Mijinta ne ya tsinto ta cikin lodin ayaba shekarar da zai rasu, ko kamu ɗaya ba ta kai ba. Ermelinda ta sa mata suna Cotinha.

Ciyar da ita kuwa da ƙa'ida. Tana ƙarama, ɗan ɓera ɗaya a mako. Da ta kai tsawon mutum, sai ƙaton ɓera bayan mako uku, kuma in ta haɗiye ba mai taɓa ta sai abincin ya narke. In idonta ya yi fari-fari za ta yi saɓa, ko an ba ta ba ta ci. Ermelinda da kanta take ɗana tarko a bayan kasuwa, ta kamo ɓerayen da ransu.

Da za a yi mata aikin ido a birnin Belém, ta bar mesar a hannun ƙanin mijinta, Ataíde, mai shagon garin rogo da wake.

"Je ki abinki, matar Yaya," in ji shi. "Kafin ki dawo sai na mai da ita kututture."

"Kada ka kuskura. Mako uku, ɓera ɗaya."

Ataíde ya lura baƙin da ke sauka daga jiragen ruwa suna son hoto da maciji, kuma sun fi son ƙato. Ya shiga ɗura mata kaji ba ƙaƙƙautawa, yana rataya ta a wuyan mutane cikin rana da abinci a cikinta. Ta yi ta amai har ta mutu. Ermelinda ta dawo ta tarar da fatar kafe da ƙusa a bangon shagon.

"Haba matar Yaya, maciji ne fa! Wannan kallo kamar na kashe miki ɗa?"

"Ba komai, Ataíde," ta ce. "Bar ta nan, ta yi wa shagon kyau."

Ba ta daina ɗana tarko ba. Da rana ta take, Ataíde ya miƙe a lilon kwanciyarsa a shago yana gyangyaɗi, sai ga ta da kwando, kifin da take kawo masa a sama, ɓeraye a ƙasa cikin buhu. Ta ajiye masa kifin, ta zaga bayan buhunan gari ta kwance bakin buhun ɓerayen. Masu ciki ta fi zaɓa.

Kafin ruwan kogi ya ja baya, ba buhun da bai huje ba. Mata suka fara ganin kashin ɓera a garin da suka saya, suka koma wani shagon. Ya zuba guba, kyanwarsa ta mutu, warin mushen ɓeraye ya kori sauran masu saye. A ƙarshe ya zo rumfarta, hula a hannu.

"Matar Yaya, kin san masu kama mesa. Ki samo mini ko 'yar ƙarama ce, ɓeraye sun gama da ni."

Ta juya kifi a kan garwashi, ba ta ko ɗago ba. "Mesa? Ai maciji ne. Me za ka yi da maciji?"

Ya rufe shagon, ya koma dako a tashar jiragen ruwa. Kullum da safe sai ya wuce ta gaban rumfarta da buhun wani a ka. Ita kuwa ba ta taɓa fasa gaishe shi da ƙarfi ba, har da tambayarsa ya kasuwa.