Buhun Ƙarƙashin Gado

Inna Mai Kwarashi ba ta duban fuskar saƙa sai ta juya ta ga bayanta, ko da hular jariri ce aka miƙo mata. In ta ga ƙulli a waje, sai kawai ta tambaye ka ya mutanen gida.

Ƙofarta na kallon tawa. Na ga zamanin da mata ke layi a wurinta, na ga zamanin da kayan inji suka cika kasuwa, ƙafa ta ɗauke. Ita ba ta fasa ba. Daga baya hannun dama ya fara rawa. Saƙar ta riƙa karkacewa, nan ya tsuke, can ya saki, ga rami. Irin waɗannan takan cusa su a buhu ƙarƙashin gado, wai in ta samu sauƙi za ta warware.

Jikanta, wanda take tsokana da Ango, ya yi karatun zane, yana tsara kayan ƙawata ɗaki. Shi ya jawo buhun wata rana.

"Tsohuwa, dukiya kike ɓoyewa haka?"

"Mayar min da abin kunyata, ja'iri."

"Irinsa ake yayi yanzu. Mutane sun gaji da abin da ya miƙe."

"To su zo su ɗauki bayana, shi ma ya lanƙwashe."

Ya yi dariya, ya tafi da buhun.

Ranar da ya baje kolin kayan buhun, ni na raka ta. Ɗaki fari fat, kowace saƙa da fitilarta, ga sunan Inna a bango da manyan baƙaƙe. Ashe ta taho da wani mayafi a jaka, wanda ta saƙa tun hannun yana jin maganarta. Ta ja Ango gefe.

"Rataya min wannan, ko a lungu ne. Su san na iya."

Ya shafa shi. "Kaka, wannan ai cewa za a yi inji ne. Zai ɓata tsarin."

Wata mata mai tabarau ta riƙe hannun nan mai rawa, tana cewa ba ta taɓa ganin gaskiya a zare irin wannan ba. Inna ta ce ta gode. A mota sai ta tambaye ni ko na rufe tagata.

Ango ya ci gaba da kawo ulu, mai kyau kuwa, yaron ba mugu ba ne. Ita ma ta ci gaba da saƙa, don hannun bai iya zama ba. Amma duk abin da ta gama, kafin ya zo ta warware shi ta naɗe zaren. Ya tarar da dunƙulen ulu a jere, ta ce masa tsufa ne.

Da ta rasu mun sami wata shimfiɗar kujera a kan tabarmarta, ja da toka. Ta warware rabi. Ango ya daɗe yana kallon rabin da ya rage, sannan ya tambayi uwarsa ko akwai jakar da zai sa shi.